Ra'ayinmu: Injiniyan Takarda

Tun 1973 Asusun ITF ya kafa shirin SIWES, domin ɗalibi ya yi watanni a masana'anta kafin ya karɓi digiri. Niyyar kyakkyawa ce. Amma mu masu koyon injiniyan masana'antu mun san inda gizo ke saƙa. Da yawanmu kan dawo da littafin aiki cike da sa hannu, alhali ba mu taɓa auna lokacin da ma'aikaci ke ɗauka kan inji ba. Sa'an nan jarrabawar awa uku ta yanke hukunci, mai hadda ya tsere wa mai basira. Muna roƙon hukumar Jami'a: malamai su riƙa bin mu masana'anta, su ba da maki a can. Gani ya kori ji.