Morrisania: gubar da aka binne ba ta mutu ba

A kan titin Concourse Village West, 'yar tafiya kaɗan daga tsakiyar Morrisania a kudancin Bronx, akwai wata katafariyar harabar makarantu da aka buɗe a 2010, wadda aka gina don ɗalibai fiye da 2,000. Mott Haven Campus ake kiranta. Mai wucewa zai ga gini sabo fil, da filin wasa, da yara goye da jakunkuna, ba zai taɓa kawo wa ransa cewa tsohuwar harabar jiragen ƙasa ce ba, wadda gwaji ya nuna ƙasarta da ruwan ƙarƙashinta na ɗauke da benzin da dalma da zaiba. Hukumomin birnin New York sun ware kimanin dala miliyan 30 don gyaran filin. An kwashe wani sashe na gurɓatacciyar ƙasar, sauran kuwa an rufe ta a inda take, aka ɗora azuzuwa a kai. Ra'ayin wannan jarida shi ne: duk filin da aka yi wa irin wannan gyara, aikinsa bai ƙare ba ranar da motar haƙa ta tafi. Sa idon da zai biyo baya na shekara da shekaru shi ne gyaran na gaske, kuma wajibi ne a rubuta shi, a ware masa kuɗi, a kai shi kunnen iyayen yara da harshen da suke ji. Maganar ta shafe mu kai tsaye, domin unguwannin nan cike suke da 'yan Afirka ta Yamma, ciki har da Hausawan Gana da Nijar da Najeriya da Togo.

Gubar ba jiya ta sauka ba. Yankin nan kaf, har da Melrose da Mott Haven, gandun iyalan Morris ne a da, daga nan sunan Morrisania ya samo asali. Daga baya Jordan Mott ya sayi fili a hannunsu ya kafa masana'antar narka ƙarfe, layin dogo ya biyo baya, sai masana'antun giya, da wuraren dafa kwal don samar da iskar gas, daga baya gidajen mai da garejoji da shagunan wankin tufafi da sinadari. Masana'antun suka mutu, gobarar shekarun 1970 ta lashe gidaje ba adadi, filaye suka zama kangaye. Ƙasa kuwa ba ta mantuwa. Dalma ba ta ruɓewa, tana nan a turɓaya har sai yaro ya kai hannu baki. Kwaltar kwal takan nutse ta kwanta a ƙasa, irin wadda aka tarar a Starlight Park a gaɓar kogin Bronx, wurin da sai da kamfanin Con Edison ya yi aikin kwashewa kafin a sake buɗe shi a 2013. Su benzin da dangoginsa kuma sukan bi ruwan ƙarƙashin ƙasa, su zama tururi, su shigo gini ta tsagar daɓe ko ta gefen bututu, sau da yawa ba a jin warinsu, ba a ganinsu.

Kalmar tsaftacewa da hukumomi ke amfani da ita tana iya rufe wa mai karatu ido, saboda haka bari mu faɗi abin da ake yi a zahiri. Inda gubar ta fi yawa, ana haƙe ƙasar a loda a manyan motoci a kai ta wurin da aka amince a zuba. Inda aka bar ta, ana shimfiɗa wata raga mai ruwan goro a kanta don ta zama alama, sannan a zuba ƙasa mai tsabta, yawanci ƙafa 2 a wuraren zama, ko a malale da kankare. A ƙarƙashin ginin akan shimfiɗa leda mai kauri da ke tare tururi, a binne bututai masu huji, a haɗa su da fanka a saman rufi wadda ke zuƙo iskar ƙasa tana watsarwa sama dare da rana. A Mott Haven Campus har katanga aka yi a cikin ƙasa don tare gurɓataccen ruwan da ke gangarowa daga maƙwabta. Dabara ce mai kyau, kuma tana aiki. Amma fanka inji ce, tana ƙonewa. Kankare yana tsagewa da sanyin hunturu. Wata rana mai gyaran famfo zai zo ya fasa daɓe, ko mai shuka itace ya haƙa rami ya ci karo da raga mai ruwan goro, ya yanke ta ya wuce, don ba wanda ya gaya masa ma'anarta. Ginin makaranta kan yi shekara 50 ko fiye. Shugaban makaranta da mai gadi da injiniyan da ya san inda kowane bututu ya bi, ba ɗayansu da zai kai haka a bakin aiki.

Wannan ne iyaye da mazauna unguwar suka hango. Sun haɗu a ƙarƙashin wata ƙungiya mai suna Bronx Committee for Toxic Free Schools, lauyoyin New York Lawyers for the Public Interest suka tsaya musu, suka maka hukumar gina makarantu ta birnin a kotu a 2007. Ƙorafinsu guda ne: rahoton tasirin muhalli da aka gabatar kafin a amince da aikin Mott Haven Campus ya bayyana yadda za a rufe gubar, bai bayyana wanda zai kula da murfin ba, da yadda za a yi, da tsawon lokacin. An yi tuya an manta da albasa. Hukumar ta kare kanta da cewa irin wannan tsari ya fi kyau a rubuta shi bayan an gama gyara, an ga halin da filin ke ciki, kuma dama shirin jihar na gyaran gurɓatattun filaye ya tanadi haka. Kotun farko ta ba iyaye gaskiya a 2008, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2011, babbar kotun jihar New York ta rufe maganar a watan Oktoba na 2012: dole a ƙara wa rahoton bayanin kulawa ta dogon lokaci, jama'a su gani su tofa albarkacin bakinsu. Sai dai a lura, hukuncin ƙarshe ya zo ne shekara 2 bayan yara sun fara zama a azuzuwan.

Ga mai ganin iyayen nan sun cika tsoro, ya waiwayi abin da ya faru a arewacin Bronx ɗin. Makarantar Bronx New School ta yi kusan shekara 20 a wani ginin haya a kan titin Jerome, wanda a da masana'antar fitilu ce. A farkon 2011 gwaji ya nuna iskar cikin ginin na ɗauke da sinadarin TCE fiye da ƙima, sinadarin da ake wanke maiƙon ƙarafa da shi, wanda a wannan shekarar hukumar kare muhalli ta Amurka ta sanya shi cikin masu haddasa sankara. Iyaye ba su ji labari ba sai da aka shafe kimanin wata 6, yara na shiga suna fita. Daga baya aka rufe makarantar aka mayar da ita wani wuri. Sai a 2015 birnin ya kafa dokar da ta tilasta sanar da iyaye da ma'aikata cikin kwana 10 idan gwaji ya nuna haɗari. Doka ce mai amfani, amma tana magana ne a kan sakamakon gwajin da aka yi. Inda ba a yi gwaji ba, babu abin sanarwa.

Hujja mafi ƙarfi da ake kawowa a kan matsayinmu ita ce buƙata. Kudancin Bronx na fama da cunkoson azuzuwa da tsadar haya, kuma fili mai tsabta ya yi ƙaranci, saboda haka duk wani ƙarin sharaɗi jinkiri ne, jinkirin kuma talaka yake cuta. Gaskiya ne, kuma ba ma cikin masu cewa a bar kangaye su zauna. Kango mai guba da aka zagaye da waya ya fi gini mai murfi haɗari, tunda iska na kwasar ƙurarsa, yara na tsallaka shingensa. Gidajen Via Verde da ke titin Brook a Melrose, guda 222 da aka buɗe a 2012 a kan tsohon filin jirgin ƙasa, sun nuna ana iya mayar da irin wannan wuri mazaunin mutane. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Rubuta wanda zai duba fanka, da sau nawa a shekara, da asusun da za a biya shi, ba ya tsayar da ɗora bulo ko ɗaya. Abin da ya ci shekara 5 a Mott Haven shari'a ce, shari'ar kuwa ta tsawaita ne saboda hukuma ta zaɓi ɗaukaka ƙara sau biyu.

Akwai kuma masu tsaurin ra'ayi ta ɗaya gefen, masu cewa a kwashe ƙasar duka kowa ya huta. A nan mun fi karkata ga injiniyoyi. Kwashe komai na nufin dubban lodin manyan motoci masu shan dizal su ratsa unguwar da dama take cikin waɗanda ciwon asma ya fi addaba a birnin, sakamakon manyan tituna irin su Cross Bronx, sannan a kai gubar a jibge a bayan gidan wasu talakawan a wata jiha. Gubar da ta bi ruwa ta shiga ƙarƙashin layin dogo da gidajen maƙwabta ma ba a iya haƙo ta. To amma wanda ya zaɓi hanya mai sauƙin kuɗi yau, ya ci bashi ne, kuma biyansa shi ne kulawa. Shirin jihar da aka kafa a 2003 yana ba masu gini rangwamen haraji mai tsoka, har ta kai aka yi masa kwaskwarima a 2008 da 2015 saboda sukar cewa garaɓasar na bin tsadar ginin da aka ɗora fiye da zurfin gyaran da aka yi. Garaɓasa takan zo da wuri, bayan an karɓi takardar kammala aiki. Ɗawainiyar kuwa takan faɗa kan duk wanda ya gaji ginin, ko da bai san tarihinsa ba. A ganinmu ya kamata a ajiye kuɗin kulawa na shekaru masu yawa a asusu na musamman kafin a miƙa wannan takarda.

Hujja ta ƙarshe ita ce a bar wa masana aikinsu, tunda hukumar muhalli ta jiha na karɓar rahoton dubawa lokaci-lokaci. Tana karɓa, amma mai ginin ne ke ɗaukar injiniyan da ke rubuta rahoton. Doka ta ba jama'a kwana 30 su yi magana a kan buƙatar shiga shirin, da kwana 45 a kan tsarin gyaran, kuma akan ajiye takardun a ɗakin karatu na unguwa da ofishin kwamitin al'umma. Takardun nan ɗaruruwan shafuka ne na Turancin injiniyoyi. Direban tasi da ya kwana a kan titi, da matar da ke aikin jinyar tsofaffi a gidajen mutane, ba su da lokacinsu, kuma da yawa daga cikin baƙi na gudun duk abin da zai haɗa su da hukuma. Shirunsu kuma sai a ƙirga shi a matsayin amincewa. Shafi guda ya isa: me aka bari a ƙasa, me ke tare shi, yaushe aka duba na ƙarshe, wa za a kira. A liƙa shi a ƙofar makaranta da Turanci da Sifaniyanci da Faransanci da Hausa da sauran harsunan unguwar.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. A Najeriya ma mun ga Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga niƙan dutsen zinare a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. An kankare ƙasar tsakar gidaje an zuba sabuwa, ƙauyen Bagega ma sai 2013 aka kai gare shi bayan dogon jiran kuɗi, kuma inda aka koma niƙa a gida gubar ta dawo. A 2015 irin wannan ta kashe yara 28 a yankin Shikira na jihar Neja. A Kano, ruwan majemun Challawa da Sharada da na masana'antun Bompai ya daɗe yana kwarara cikin rafuka, ana noman rani da ruwan Getsi da Jakara, filayen masana'antun da suka durƙushe kuma suna sauya hannu. Ya kamata hukumar kare muhalli ta Najeriya, NESREA, da gwamnatin jihar su wajabta gwajin ƙasa kafin a ɗora gida ko makaranta a kan kowanne daga cikinsu.

Ga 'yan'uwanmu na Morrisania da kewaye kuwa, kiran mai sauƙi ne. Shugabannin ƙungiyoyi da limaman masallatai su wakilta mutum biyu ko uku masu jin Turanci su riƙa halartar zaman kwamitocin al'umma, su karanto takardun su fassara wa jama'a bayan sallar Juma'a. Duk mai yaro a makarantar da aka gina kan tsohon filin masana'anta, ko mai zama a sabon gini irin wannan, ya je ofis ya nemi rahoton dubawa na ƙarshe, ya duba kwanan watan da ke kansa.