Takin Zamani Mai Riga: Me Ya Haɗa Shi Da Farashin Tumatir A Mile 12?

Duk ɗan gwarin da ke Mile 12 a Legas ko Bodija a Ibadan ya san wannan hirar. Ka buga wa manomi waya a Kadawa ko Aliero ka ce kaya sun yi tsada, sai ya ce, "Alhaji, ka san nawa na sayi buhun taki kuwa?" Shi ke nan, magana ta ƙare. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, naira kuma ta karye, kuɗin taki da na mota suke yanke farashin kwando tun kafin tirela ta baro gida. Mu da ke Kudu mu ne ke shan ƙorafin masu saye.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ba duk takin da manomi ya zuba ne ke shiga jikin shuka ba. Ɗauki yuriya: kashi 46 cikin 100 nata sinadarin naitirojin ne, kuma da ta ji danshi take narkewa. In an watsa ta a kan ƙasa cikin zafi, wani kaso ya bi iska. In ruwa mai ƙarfi ya sauka, wani kason ya zurare ƙasa ko ya bi rafi. Masu lambun da ke gefen biranen Kudu, inda damina ke da tsawo, sun fi kowa sanin wannan asarar.

Dabarar da masana suka fito da ita ita ce a sanya wa kowace ƙwayar taki siririyar riga, ta yadda zai riƙa fita kaɗan-kaɗan na tsawon makonni ko watanni. Matsalar ita ce yawancin rigunan nan na roba ne. Taki ya ƙare, ɓawon ya zauna a gona shekara da shekaru. Shi ya sa a 2023 Tarayyar Turai ta kafa dokar taƙaita ɓurɓushin roba, ta ba masu irin wannan takin wa'adi zuwa Oktoban 2028. Yanzu kamfanoni da jami'o'i sun duƙufa neman rigar da za a yi da tsirrai, kamar sitaci, zaren itace da man tsirrai, wadda ƙwayoyin halittar cikin ƙasa za su cinye ta ruɓe.

Aikin ba sauƙi gare shi ba. Sitaci na son ruwa, yakan kumbura ya fashe da wuri, sai an haɗa shi da wani abu kafin ya jure. Sannan ga kuɗi: taki mai riga ya fi na gama-gari tsada, shi ya sa a ƙasashen waje ma aka fi amfani da shi a gonakin furanni da kayan marmari.

Amma akwai hanya mai araha da Indiya ta bi. A 2015 gwamnatinta ta wajabta shafa wa duk yuriyar da ake yi a ƙasar man darbejiya, wato dogon yaro. Man ba ya kulle ƙwayar kamar roba, sai dai yana rage saurin da naitirojin ke rikiɗewa ya salwanta a cikin ƙasa. Ya kuma sa karkatar da takin tallafi zuwa masana'antu ya yi wuya.

To, mu fa? Masana'antar takin Dangote da aka buɗe a Lekki a Maris na 2022 na iya fitar da tan miliyan 3 na yuriya a shekara. Ga ta Indorama a Eleme, jihar Ribas. Babu ƙasar da ta kai Nijeriya noman rogo a duniya, sitaci ke nan. Darbejiya kuwa, 'ya'yanta zuba suke a titunan Katsina da Sakkwato da Maiduguri, a share a ƙone. Wato taki na Kudu, mai na Arewa, hanyar da ke tsakaninsu kuma mu muke binta kullum. Tirelar da ta kawo albasa Legas za ta iya ɗauko man darbejiya ma, in akwai mai saye.

Sai dai a yi hattara. Ba kowane buhu da aka rubuta wa "mai riga" ne gaskiya ba, kuma ido ba ya bambanta riga da fenti. Manomi ya gwada a kunya biyu-uku kafin ya zuba jarinsa. Ma'aunin ɗaya ne: shin buhu ɗaya ya yi aikin da ya biya ƙarin kuɗinsa?

Ƙungiyoyinmu na 'yan gwari sun saba ɗaga murya kan harajin hanya da shingaye. Lokaci ya yi da za su sa batun taki cikin koke-kokensu, su nemi gwamnati da masana'antun da ke maƙwabtaka da mu su gwada yuriya mai darbejiya a gonakin rani, su fito da sakamakon kowa ya gani. In asarar manomi ta ragu, mu ma ciniki zai zo mana da sauƙi a bakin kwando.