Ladan da Ba a Rubuta a Rasit ba

Kalmar "kyauta" tana cikin kalmomin da suka fi yaudarar mai fassara. A shekarar 2014 babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, wato BCEAO, ya umarci bankuna su riƙa yin wasu ayyuka ba tare da karɓar ko sisi ba, kamar buɗe asusu da rufe shi. Ɗan kasuwar zangon Sokode da ke kai cinikinsa banki zai ce kyauta ake ajiye masa kuɗi. Masu lissafin arzikin ƙasa kuwa ba su yarda ba. A wurinsu ya biya, rasit ne kawai ba a ba shi ba.

Banki kan karɓi ajiya ya ba da ruwa kaɗan, ya ba da rance ya karɓi ruwa mai yawa. Masana sukan kafa ma'auni a tsakani, galibi ruwan da bankuna ke ɗora wa junansu, wanda ake ɗauka babu ladan aiki a cikinsa. A ƙaddara ma'aunin kashi 6 cikin ɗari ne. Manomin Blitta da ya ajiye sefa 100,000 aka ba shi kashi 3.5, ya bar wa banki 2,500 a shekara. Falken shanu daga Dapaong da ya ranci daidai wannan adadi a kan kashi 10, ya biya 4,000 sama da ma'auni. Wannan 6,500 ita ake rubutawa a matsayin aikin da banki ya sayar. Da Ingilishi ana taƙaita sunanta FISIM, da Faransanci SIFIM.

Tsarin lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1968 ya jibga wannan adadi a kan wani sashe na ƙage, don haka bai ƙara wa jimillar arziki komai ba. Na 1993 ya buɗe ƙofar raba shi tsakanin masu cin moriya, na 2008 ya tabbatar da hakan. A kan wannan na ƙarshe hukumar ƙididdiga ta Togo, INSEED, ta sake lissafi a 2020 da shekarar 2016 a matsayin tushe.

Ban ƙi a ƙirga aikin banki ba; mai gadi da akawu da taskar ƙarfe ba a iska suke tsaye ba. Abin da nake ja a kai shi ne ɗaukar duk ratar a matsayin aiki. A shekarar 2014 dokar yankin ta yarda banki ya kai kashi 15, ƙananan cibiyoyin rance kuma kashi 24. Mai ba manomi rance a Dapaong, inda damina ɗaya ce a shekara, yana sa tsoron fari da tsoron ƙin biya a cikin ruwansa. Idan haɗari ya ƙaru, rata ta faɗaɗa, sai takarda ta nuna wai hidima ta bunƙasa, alhali manomin bai ga ƙarin komai ba sai nauyi.

Akwai wani abin da ya fi wannan ban mamaki. Musulmin da ya ƙi karɓar ruwa don gudun haram, ya bar kuɗinsa a asusun da ba ya haihuwa, lissafi zai ce ya sayi hidimar 6,000 cif, fiye da ninki biyu na maƙwabcinsa mai karɓa. Taka-tsantsan na addini ya koma ciniki a littafin gwamnati. (Ɗalibi ya lura: riba ta kasuwa da riba ta haram rubutunsu ɗaya, tsawon wasali da karin sauti ne suka raba su, don haka kalmar ba ta dace da fassarar nan ba.)

Mai karɓar adashi da ke zaga rumfuna kullum, shi a fili yake yanke ladansa: zubin kwana ɗaya a wata nasa ne, kowa ya sani. Daga gare shi nake ganin ya kamata mu ari suna. "Kuɗin ruwa" ya yi faɗi, domin wani ɓangarensa kaɗai ake nufi. "La'ada" ta dillali ce, kuma ana faɗinta kafin ciniki. Ni "ladan ɓoye" na zaɓa, ko da yake "lada" na nuna an yi aikin da ya cancanci biya, wanda shi ne ainihin abin da nake shakka a kansa.