Mai Dafa Giya Ya Fi Mai Kunun Aya Tsafta, Kuma Abin Kunya Ne

Na san taken nan zai ɓata wa wasu rai, kuma da gangan na sa shi. Giya haramun ce, ba na sha, ba na sayarwa, ba kuma talla na zo yi mata ba. Amma akwai wata ɗabi'a guda da masu dafa ta a gidajensu a Amurka da Ingila suka riƙe gam, wadda mu masu kunun aya da zoɓo da fura, da muka cika Agege da Mile 12 da Sabon Ibadan da Shagamu da kulolinmu, muka kasa riƙewa. Su ɗanɗano kawai suke karewa, domin ƙwayoyin cutar da ke kisa ba su cika rayuwa a cikin giya ba. Mu kuwa cikin 'ya'yan mutane ne a hannunmu.

Ga yadda suke yi. Tun 1978 da shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta ba Ba'amurke damar dafa giyarsa a gida, abin ya zama sana'ar nishaɗi a can, har da shagunan kayan aikinta. Mutum zai tafasa ruwan tsiron hatsinsa kamar awa guda, ya huce da shi. Daga wannan lokacin ƙa'ida ɗaya ce: duk abin da zai taɓa ruwan nan, bokiti ne, tiyo ne, mazurari ne, cokali, kwalba ko murfinta, sai an wanke shi tas, sannan a tsoma shi cikin sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, sannan kuma BA A ƊAURAYE SHI. Wanda suka fi amfani da shi sunansa Star San, asid ne na fosforik, ana zuba kimanin mil 30 a ruwa lita 19, a bar kaya a ciki minti ɗaya zuwa biyu, a tsiyaye. Ko kumfar da ta maƙale a kwalba ba su damu da ita ba. Wasu kuma na aidin suke amfani da shi, kashi 12.5 cikin miliyan.

Me ya sa ba su ɗaurayewa? Saboda sun gane cewa ruwan ɗauraya shi ne ƙofar da abin da ka kashe yake komowa ta ciki. Ka kashe ƙwayoyin cuta da sinadari, ka kawo ɗanyen ruwa ka zuba a kai, ka koma gidan jiya ke nan. Kuma mai karatu ka lura, wannan a ƙasar da ruwan famfo ke fitowa a tace ne, da magani a cikinsa. Duk da haka ba su yarda da shi ba.

To mu fa? Kada mu yaudari kanmu, kowa a zangon nan ya san daga ina yawancin gorunan kunu ke fitowa. Daga buhun baban bola suke, wanda ya tsinto su a wurin biki, a tasha, a bakin kwata. A kawo gida, baho ɗaya na omo, baho ɗaya na ɗauraya, yarinya ta zauna ta jijjiga gora bayan gora a cikin ruwan da tun daga ta ashirin ya koma ruwan toka. Babu buroshi, ba a taɓa zaren bakin gorar inda leɓen wani ya zauna ba, murafu kuwa a watsa su a roba ɗaya shi ke nan. Ruwan kansa daga jarkar mai ruwa yake, ko daga rijiyar tsakar gida wadda tsakaninta da sokawe bai fi 'yan taku ba. Wanda ya san Legas da damina ya san yadda ruwan ƙasa ke tasowa ya haɗe da na kwata. Wannan shi ne ruwan ƙarshe da ke taɓa gorar kafin kunu ya shiga. Wai an ɗauraye.

Kunun aya ne ya fi tayar mini da hankali, don shi ko kaɗan ba ya ganin wuta. A jiƙa aya ɗanya, a haɗa da dabino da kwakwa, a kai injin niƙa na kasuwa wanda ya gama niƙa wake da tattasai tun safe, a tace da ƙyalle, a zuba a gora. Ga zaƙi, ga maiƙo, babu tsami. In da ƙwayar cuta za ta yi addu'a, irin gidan da za ta roƙa ke nan. Kunun zaƙi aƙalla yana da ɗan tsaminsa da ke rage musu ƙarfi, zoɓo kuma ana tafasa shi, sai dai duk amfanin tafasar yana tafiya idan aka ƙara ɗanyen ruwa da abarba da ƙanƙarar da ba a san asalinta ba bayan ya huce. Sannan a ɗauke wuta, firji ya mutu, kula ta yini a rana.

A watan Yuni na 2024 kwalara ta ɓarke a Legas, ta kashe mutane. Mai ba gwamnan jihar shawara kan kiwon lafiya, Dakta Kemi Ogunyemi, ta fito ta faɗa cewa da suka bincika waɗanda suka kamu a yankin Eti-Osa, abin da ya haɗa da yawa daga cikinsu shi ne wani kunun aya na gora wanda ba shi da rajistar NAFDAC. Gwamnati ba ta ce Bahaushe ne ya yi shi ba, kuma kowa ya san yanzu ƙabilu da yawa na wannan sana'a. Amma ka tambayi Bayarabe ko Inyamuri abin shan su waye kunu, ka ji amsa. Mu baƙi ne a nan, laifin mutum ɗaya a wuyan dukkanmu ake rataya shi. Rikicin kasuwar Shasha a Ibadan a watan Fabrairu na 2021 daga 'yar hatsaniya ya faro, ya ƙare da gawarwaki da ƙone shaguna. A 2022 kuma mun ga yadda sanarwa ɗaya ta hana acaba a ƙananan hukumomin Legas ta raba samarinmu da abincinsu. Ranar da wata jiha za ta ce ta hana kunu da zoɓo na gida, zawarawa da matan aure da ke biyan kuɗin makarantar yara da wannan kula su za su sha wahala, ba masu kamfani ba.

Na san amsar da za a ba ni, don na sha jin ta a majalisa: ai tun kaka da kakanni haka ake yi, ba wanda ya mutu. Na farko dai an mutu, sai dai a ce kwana ne ya ƙare. Na biyu, kakarka a ƙauye a ƙwarya take dama kunu, a shanye shi kafin azahar, ƙwaryar kuma a kife ta a rana. Ba ta taɓa ɗura shi a robar da baƙo ya yar ba, ta rufe, ta ajiye kwana biyu a garin da miliyoyin mutane ke zaune a kan sokawe. Sana'ar ta canza, wankin ne bai canza ba.

Akwai kuma masu cewa ai ruwan mai tsarki ne, da shi muke alwala. Malam, a nan ne muke cakuɗa abu biyu. A fiƙihun da muka karanta a zaure, ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su jirkita ba yana tsarkakewa, kuma ban zo gardama da wannan ba. Amma ƙwayar kwalara ba ta jirkita ko ɗaya daga cikin ukun. Ruwa zai fito garau kamar hawaye, alwalarka ta inganta da shi, ya kuma kwantar da yaro a asibiti. Hukuncin alwala daban, amanar abin da kake sayar wa mutane su sha daban. Mai cewa wannan hanya ta mashaya ce kuwa, to ya sani babu ɗigon barasa a cikin sinadaran nan. Shi kansa ilimin dumama madara don kashe ƙwayoyin cuta, daga binciken da Bafaranshe Louis Pasteur ya yi kan lalacewar giya ya samo asali, har littafi ya wallafa kan haka a 1876, kuma ban ga wanda ya ƙaurace wa madarar gwangwani ba.

Ba cewa nake a yi odar Star San daga Amurka ba, da dalar yanzu ribar wata guda ba za ta saye shi ba. Abin da muke bukata yana nan a shagon bakin layi: bilic, irin su Jik da Hypo, mara turare. Dokar abinci ta Amurka ta yarda a yi amfani da kulorin a kan kayan abinci ba tare da ɗauraya ba muddin bai wuce kashi 200 cikin miliyan ba kuma an bari ya tsiyaye. Ki duba jikin robar, uwargida. Idan an rubuta kashi 3.5 cikin ɗari, to mil 3 a kowace lita ya ba ki kusan kashi 100 cikin miliyan, wato cokalin cin abinci biyu, mil 30, a bokiti mai lita 10. Sirinji sabo ya fi cokali gaskiya wajen awo. Ki fara wanke gora da sabulu da buroshi ki ɗauraye kumfar, domin datti yana cinye ƙarfin kulorin, a kan gora mai maiƙo aikin banza ne. Bayan nan ne za ki nutsar da ita, da murfi da mazurari da rariya da ludayi, minti biyu cur. Ki kife su a kan kwando mai tsafta su tsiyaye su bushe da kansu. Kada a goge da tsumma. Kada a ɗauraye. Masu tsoron guba su tuna cewa da irin wannan sinadarin, Milton, iyaye mata suka daɗe suna jiƙa kwalbar madarar jarirai, kuma shi ma ba a ɗauraye shi.

Sai dai a kiyaye. Bilic ba ya haɗuwa da abu mai tsami, ko lemon tsami ko ruwan tsamiya ko ragowar zoɓo ko maganin wanke bayi, yana fitar da iska mai guba. Yana cin tukunyar alminiyam, kada a jiƙa ta a ciki. Haɗin jiya ya mutu, kullum a yi sabo. Wanda ake haɗawa a kasuwa a ɗura a gora babu takarda a jiki, ba wanda ya san ƙarfinsa, a bar shi ga wankin tufafi. In aka cika hannu kuma kunu zai yi warin asibiti, wannan warin ne ma ya sa masu giya suka guje wa bilic. Kuma duk wannan bai tsarkake ruwan da ake jiƙa aya da tace ta ba, shi sai an tafasa an bari ya huce a rufe.

Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa da ke karɓar kuɗin ƙungiya kowane mako, da ku nake. Kuna da ikon tara mutane don zuwan ɗan siyasa, to ku tara masu kunu. Ku sa ƙungiya ta riƙa sayo sababbin goruna masu murfi a liƙe a kan sari tana raba wa mata, gorar baban bola kuwa a hana ta shiga zango, don robar da ta karce ciki ko bilic ba ya gama da ita. Ku gayyato jami'in lafiya na ƙaramar hukuma ya zo ya nuna awon nan da hannunsa, da Hausa, a makarantar Islamiyya ta mata, kafin ruwan sama na gaba ya sauka.