Yaro da Tsofaffin Kuɗi

A ƙasashe da yawa na duniya akwai mutanen da ke tara tsofaffin kuɗin ƙarfe, ba don su kashe ba, sai don su duba su san labarinsu. Waɗansu attajirai kan ba da dukiya mai yawa a kan ƙwaya ɗaya. Sabo da haka yara da dama suna zaton wannan sana'ar masu hannu da shuni ce kaɗai. Wannan zato kuwa kuskure ne. Kuɗin da suka fi dacewa da ɗan makaranta su ne masu araha, kuma yawancinsu suna nan kwance cikin gidajenmu, ba wanda ya kula da su.

A fara da anini, ƙaramin cikinsu. Anini goma ke yin kwabo, kwabo goma sha biyu ke yin sule, sule ashirin ke yin fam. Watau sai an tara anini 2,400 kafin a sami fam guda. An fara buga shi a shekarar 1907, da alminiyam, irin ƙarfen nan mara nauyi da a ke yin tukwane da shi. Yana cikin kuɗin alminiyam na farko da aka taɓa kashewa a duniya. Amma ƙarfen bai jure ba, yana saurin lalacewa, sai a 1908 aka koma wani farin ƙarfe mai ƙwari. Yana da huda a tsaka, don a zura shi a zare kada ya ɓace. A gefe guda akwai tauraro mai tsini shida, a ɗaya gefen kuwa akwai kambin sarauta da sunan Sarkin Ingila da rubutun Larabci. Har yau tauraron da hafsoshi ke sa wa a kafaɗa anini a ke ce masa, ko da ya ke masu faɗin haka da yawa ba su taɓa riƙe na ainihin ba.

Anini da ɗari da kwabo mai huda an yi ta kashe su a Nijeriya da Gwalkwas, wadda ta zama Gana, da Saliyo da Gambiya. An buga su miliyoyi. Yawan nan shi ya sa ba su da tsada, shi ya sa kuma yaro ke iya samunsu.

Cikinsu akwai waɗanda ya kamata a sa ido a kansu, su ne na shekarar 1936. A watan Janairu na wannan shekara Edward na 8 ya zama Sarkin Ingila, a watan Disamba kuma ya sauka daga gadon sarauta. Bai cika shekara ba. A Ingila kanta ba a sami damar fitar da kuɗi da sunansa mutane su kashe ba. Amma kuɗinmu masu huda ba su da hoton kan sarki, suna kaɗai a ke rubutawa, don haka aka buga su da wuri aka kawo. Yaron da ya ga kwabo an rubuta 1936, a kewaye kuma ga EDWARDVS VIII, to, ya riƙe abin da yaron Ingila bai taɓa karɓa canji a kanti ba. Duk da haka ba shi da wuyar samu. In kuma ya duba da kyau, watakila ya ga ɗan ƙaramin harafi H, ko KN. Alamar ma'aikatar da ta buga shi ke nan a Birmingham.

Daga nan sai kuɗin Tarayyar Nijeriya, masu ɗauke da shekarar 1959. Waɗannan kamar darasin labarin ƙasa ne da aka zuba a ƙarfe. Taro yana da kusurwa goma sha biyu da hoton auduga. Sisi yana da koko, sule yana da ganyen kwakwa, sule biyu kuwa, watau fataka, tana da gyaɗa. Wanda ya jera su huɗu a kan tebur ya ga amfanin gonar da ƙasa ta dogara a kai a wancan zamani. Ran 1 ga Janairu, 1973, aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, sule ɗaya ya zama kwabo goma. A jikin kwabo 25 na wannan shekara akwai gyaɗa, a jikin kwabo ɗaya kuwa akwai hasumiyar haƙar man fetur. Yaro mai lura zai tambayi malaminsa dalilin da ya sa fetur ya shigo, daga wannan tambaya kuwa darasi guda zai fito.

To, ina a ke samun su? Wuri na farko shi ne ɗakin kaka. A gindin adudu, da cikin tsohuwar kwalla, da gwangwanin da a ke ajiye allura da maɓallai, a kan tarar da uku ko huɗu. Sai dai lalle yaro ya roƙa tukuna, ya ce, "Kaka, ko kya ba ni wannan?" Kada ya ɗauka a ɓoye, gama ɗaukar abin wani ba izini sata ce, ko da abin ba ya sayen kome. Roƙon ma yana da wata riba, domin tsohuwa ba ta miƙa kwabo ba tare da ta faɗi abin da ya ke saye a zamaninta ba. Bayan gida sai tsofaffin 'yan koli, da maƙeran farfaru, da masu sayar da kayan da, irin na Kasuwar Kurmi a Kano. Can a kan zuba su cikin tasa, a yi ciniki.

Matafiya su ma hanya ce. Direban da ya dawo daga Maraɗi ko Damagaram ba ya rasa dala, watau tamma biyar ta sefa, mai kan barewa. Alhaji kan dawo da ragowar canjin Makka, mai dabino da takubba biyu. Wanda ya je Gana watakila ya zo da tsohon sidi na 1979, mai hoton wuri, irin wurin da kakanni suka yi ciniki da shi kafin zuwan anini. In yaro ya sami iri ɗaya guda biyu, sai ya yi musanya da abokinsa.

Akwai abu biyu da kan ruɗi mai koyo. Na farko shi ne zaton cewa shekarar da aka rubuta ita ce kullum shekarar bugu. Liyari, babban kuɗin azurfar nan mai hoton Sarauniya Mariya Tereza wanda mata ke ratayawa, an yi ta buga shi shekaru fiye da ɗari bayan rasuwarta, amma ba a daina rubuta masa 1780 ba. Na biyu shi ne jita-jitar da a kan yi, wai kwabo mai huda yana kawo miliyoyi. Masu wannan magana dai so su ke su cuci mutane. Abin da aka buga miliyoyinsa ba ya zama na miliyoyi.

Waɗansu iyaye kan ce wannan wasa ne, ɓata lokaci ne. Gaskiya ne ba ya cika ciki. Amma yaron da ke lissafin anini nawa ke cikin taro, yana karanta shekaru, yana neman Gambiya a taswira, ai karatu ya ke yi. Ban da haka kuma kuɗin nan ƙarewa su ke. Maƙera na narkar da su, 'yan gwangwan na auna su a sikeli tare da ruɓaɓɓun ƙarafa, wanda aka narkar kuwa ya tafi ke nan.

Wanda ya samu, kada ya goge shi da toka ko yashi ko lemun tsami don ya yi ƙyalli. Gugar tana cinye rubutun, ta rage masa daraja. Ruwa da sabulu sun isa, sa'an nan a tsane shi da tsumma mai laushi. A naɗe kowane a 'yar takarda, a sa cikin kwalin ashana, a ajiye inda ƙanne ba za su kai ba, kada su haɗiye. A sami littafi guda, a ɗora shafinsa bisa kuɗin, a goga fensir a hankali har zanen ya fito. A ƙarƙashin zanen sai a rubuta sunan ƙasa, da shekara, da sunan wanda ya bayar, da abin da ya ce a kan saya da shi a da.