Kafin a kawo mana manhaja, a gina mana rumfar ajiye keke

Jama'a, tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, keke ya dawo. Malamin makaranta, ma'aikacin sakatariya, har wanda a da yake ganin hawa keke faɗuwa ce, yanzu shi ne abin hawansa. Amma idan ka isa kasuwa ko asibiti, ina za ka ajiye shi hankalinka kwance?

Wasu ƙasashe sun yi nisa. A Landan akwai akwatunan ƙarfe a bakin titi, kowanne na cin keke shida. A wasu birane da wayarka za ka buɗe akwatin, manhaja ta rubuta lokacin da ka ajiye da lokacin da ka ɗauka. A tashar jirgin ƙasa ta Utrecht a ƙasar Holan, wurin ajiyar da aka kammala a 2019 na ɗaukar keke 12,500.

Na ga wasu na cewa mu ma a kawo mana irin wannan. Ni dai ban goyi baya ba, a yanzu. Mu da muka ga Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin Zamfara, mun san abin da ake nufi da makonni ba sabis. Kekenka na kulle a akwati, mabuɗin na cikin wayar da ba ta aiki, wa za ka kama? Ga matsalar wuta, ga manomin da wayarsa ƙarama ce mai tocila.

Abin koyi a wurinsu shi ne tsari da ɗaukar alhaki. Rumfa mai shinge, ƙofa ɗaya, mai gadi sananne, kati biyu masu lamba ɗaya: guda a jikin keke ko babur, guda a aljihunka. Sai littafin rajista. Matasa na yin gadin nan a kasuwanninmu, amma ranar da abu ya ɓace, "sai haƙuri" kawai za ka ji. Wanda ya karɓi kuɗin gadi, ya kamata a san shi zai biya.

Wannan kuma ba sai an jira Gusau ko Abuja ba. Jadawali na 4 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota, har da lasisin kekuna. Shugabannin Anka, Gummi da Bukkuyum, ku gwada da kasuwa ɗaya kowannenku, kamar ta Nasarawar Burkullu. Kwano ne da waya da albashin mutum biyu.

Talakan da aka sace wa keke ranar kasuwa, ƙafarsa aka sare. Ku faɗa min, a garinku wa ke biya idan ya ɓace?