Jiragen Hitila Sun Faɗi a Fagen Fama, Sun Tashi a Silima

'Yan'uwa ɗalibai, Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare tun 1945, amma akwai wani reshe na farfagandar Hitila da har yau bai bushe ba, kuma mu da kanmu muke biyan kuɗin ƙofa mu je mu zauna a inuwarsa. Wannan kuwa shi ne labarin "makaman al'ajabi", wato jiragen sama na gwaji da injiniyoyin Jamus suka zana a ƙarshen yaƙin, waɗanda masu shirya fim suka tono daga kabari, suka goge musu ƙura, suka mai da su abin sha'awa.

Ku tuna da Raiders of the Lost Ark na 1981, inda aka nuna wani jirgin Jamus marar jela, fiffike zalla, yana jira a hamadar Masar a 1936. Rundunar saman Jamus ba ta taɓa mallakar wannan jirgi ba, don fim ɗin aka ƙera shi. A Captain America na 2011 kuwa an kawo wani ƙaton fiffike da ya nufi Amurka da bamabamai, da wani jirgi mai tsayuwa a kan jelarsa, fikafikansa na juyawa kamar fanka, wanda aka kwaikwayo daga zanen Triebflügel na kamfanin Focke-Wulf. A Iron Sky na 2012 ma har duniyar wata aka kai 'yan Nazi, suka dawo cikin jirage masu siffar faifai.

To, bari mu duba abin da tarihi ya rubuta. Triebflügel bai taɓa barin takarda ba. Jirgin fiffike mai injin jet na 'yan'uwan nan biyu, Reimar da Walter Horten, wato Ho 229, ya faɗi ranar 18 ga Fabrairu 1945 tun yana matakin gwaji, ya kashe matuƙinsa Erwin Ziller. Wanda ake harhaɗawa bayansa sojojin Amurka suka same shi ba a gama ba, yanzu yana gidan tarihi kusa da Washington. Natter, jirgin katako mai roka, ya hallaka Lothar Sieber ranar 1 ga Maris 1945, a tashinsa na farko da mutum a ciki. Me 163 an ƙera fiye da 300, amma jiragen abokan gaba da suka harbo ba su kai 20 ba, man da suke sha kuwa yakan fashe ko ya ƙone naman matuƙi. Ko Me 262 da ake ta kuranta shi, wanda aka ƙera kimanin 1,400, injinsa da ƙyar yake cika awa 25 yana aiki, saboda ƙarancin ƙarfe mai jure zafi. A cikin wannan yaƙi Amurka kaɗai ta ƙera jirage kusan 300,000. Waɗannan zane-zane shure-shure ne na wanda ruwa ya ci, kuma shure-shure ba ya hana mutuwa.

Abin da ya fi ɓata mana rai shi ne abin da kyamara ba ta nunawa. Su wa suka ƙera waɗannan makamai? Fursunonin sansanin Gusen a Ostiriya ne suka haƙa ramuka a ƙarƙashin ƙasa suka harhaɗa gangar jikin Me 262 cikin yunwa da bulala. A sansanin Mittelbau-Dora, inda aka ƙera roka V-2, an tura mutum kimanin 60,000, kusan 20,000 suka mutu. Waɗanda suka rasu wajen ƙera wannan roka sun fi waɗanda ta kashe da aka harba ta. A fim sai mu ga jirgi sumul yana ƙyalli, kamar aljanu ne suka ajiye shi da dare.

Wani zai ce, ai wasa ne kawai, kuma 'yan Nazi su ne miyagun labarin, kullum su ake ci da yaƙi. Haka ne. Amma mai kallo da me yake komawa gida? Yana komawa da cewa waɗannan mutane sun fi kowa ƙwaƙwalwa, kuma saura ƙiris su mallaki duniya. Wannan shi ne ainihin abin da ma'aikatar Goebbels ta riƙa gaya wa Jamusawa lokacin da garuruwansu ke cin wuta. Ƙaryar kuma ta yi wa Amurka amfani, domin bayan yaƙi ta kwashi masana da injiniyoyin Jamus fiye da 1,600. Cikinsu akwai Wernher von Braun, hafsan rundunar SS kuma uban V-2, wanda a 1955 ya fito a shirin talabijin na Walt Disney yana koya wa yara tafiya sararin samaniya. In ana yawan zancen basirar mutum, ba a cika tambayar gawawwakin da ya taka ba.

Mu baƙar fata muna da namu dalilin na ƙin tafa wa wannan alama. A watan Yunin 1940, a Chasselay kusa da birnin Lyon, sojojin Jamus sun ware sojojin Afirka ta Yamma da suka miƙa wuya daga cikin Turawan Faransa, suka bindige su saboda launin fatarsu. Aƙidar da ta yi wannan ita ce ta ba da kuɗin waɗancan jirage. Ina amfanin ilmin ɗalibin da zai yi sowa don ya ga tambarinta a jikin fiffike?

Ba mu ce a rufe silima ba. Kiranmu ga kwamitin nishaɗi na ƙungiyar ɗalibai shi ne, duk ranar da aka nuna irin wannan fim, a haɗa shi da Nuit et Brouillard, fim ɗin Alain Resnais a kan sansanonin gwale-gwale, sannan a buɗe fili a yi muhawara. Gobe mu ne injiniyoyi, mu ne manyan ma'aikata masu sa hannu a takardun kwangila. Wanda ya saba ganin na'ura ya shagala da ƙyallinta, bai tambayi ko tana aiki ba, bai tambayi wanda ya zubar da gumi da jini a kanta ba, da wannan hali zai zauna a kujerar ofis, kuma talakawa ne za su biya.